Yinin da Na Ƙi Danna "Ina Nan"

Ku gyara zama, 'yan uwa, yau babu doguwar gaisuwa, bakina cike yake. Wata a cikinku ta tambaye ni a ƙasan rubutuna wai ita fa har yanzu ba ta gane aikin da nake yi ba, ko waya nake sayarwa. Ba ke kaɗai ba ce, 'yar uwa. Matar da ta haife ni ma in an tambaye ta cewa take yi, "Tana can tana danne-dannenta." To bari in warware muku a gurguje, don in ba ku gane aikin ba, ba za ku gane yadda aka yi wa Mamana gaisuwar mutuwata alhali ina zaune a falo da kwalli a idona ba.

Akwai wani abu da ake kira bulokcen, mu a wurin aiki sarƙa kawai muke ce masa. Kwamfutoci ne birjik a hannun mutane daban-daban, kowacce tana riƙe da bayani iri ɗaya. In za a ƙara sabon abu sai mafi yawansu sun amince, in kuwa ya shiga to ya shiga ke nan, babu mai iya gogewa. Dalilin ƙirƙiro ta ma shi ne kada komai ya rataya a wuyan mutum guda. Na sha faɗar wannan maganar a taro, da makirufo a hannuna, ana tafa mini.

Ni kuwa, saboda rashin sanin ciwon kai, sarƙa uku nake shugabanta a lokaci ɗaya. Ɗaya ta masu manyan motocin dakon kaya ce, tana bin sawun kaya daga inda aka loda zuwa inda aka sauke. Ɗaya ta masu shagunan magani ce, da ita suke gane na gaske da jabu. Ta ukun ita ce tawa ta kaina, wadda na gina a kan teburin guga na ɗakina. Tana adana shaidar waɗanda suka gama koyon sana'a, teloli da makanikai da masu walda, don kada wani ya ce musu takardarsu ta bogi ce. Kowacce da wayarta, don ƙa'idar aiki ta hana a haɗa makullansu wuri guda. Mama ce ta raɗa musu suna. Mai baƙar riga Babba, mai ja Ta Tsakiya, mai shuɗiyar riga da tsagewa a kusurwa kuma Auta. Da waɗannan sunayen nake kiran sarƙoƙin ma.

"Ga jikokin da Allah ya ba ni," in ji ta duk lokacin da ta gan su a jere suna caji. "Ba gaisuwa, ba girma, sai kuka."

Kukan kuwa suna yin sa. Mutanen Babba direbobi ne da iyayen gidansu, 'yan sammako, kuma ba su san saƙon rubutu ba sai na murya, da ihu. Mutanen Ta Tsakiya kuma saƙonsu ɗaya ya isa a shirya jarrabawa a kansa. Auta, ta sarƙata ta kaina, ba ta da fitina, amma ita ce in ta yi tari nake jin sa a ƙirjina. Abinci a hannun dama, waya a hagu, wata maƙale a kafaɗa, haka nake rayuwa. Na taɓa shiga wanka da Babba a cikin leda. Na taɓa ba masu magani haƙuri a kan tayar da ta fashe. Da abin ya yi nisa sai fatar idona ta hagu ta fara rawa ita kaɗai, Mama ta tasa ni gaba sai asibitin ido.

A can na haɗu da Likita. Dogo ne siriri, da tabarau, muryarsa ba ta san sauri ba. Ya ce in ɗora haɓata a kan na'ura in kalli wani ɗan haske. Na ɗora, amma idona yana kan cinyata inda Ta Tsakiya take walƙiya.

"Malama," ya ce, "idon nake son gani. Saman ɗankwalinki lafiyarsa ƙalau."

Da ya gama dubawa ya ce babu abin da ya sami idon. "Gajiya ce. Ya gaji da jiran ki rufe shi, shi ne yake gwada rufe kansa."

Mama ce ta ba shi lambata, wai don ya riƙa bin lafiyar idon. Ku ma kun san Mama ta san abin da take yi.

Abin da ya fara kama ni game da shi son sani ne. Ni duk wanda na haɗu da shi sai na tono shi a yanar gizo kafin in amsa sallamarsa ta biyu. Na tono Likita ban sami ko ƙyallinsa ba. Babu hoto, babu shafi, babu ko tsohon sharhi da ya yi da ƙuruciya yana jin kunyarsa. Wayarsa ma irin mai madannai ce, wadda in ta faɗi ƙasar ake tausaya wa. Saƙonsa ɗaya ne a yini: "Barka da rana. Ki ɗaga kai ki kalli wani abu mai nisa, sannan ki ci gaba." Ni da nake amsa saƙonni kamar mai korar ƙuda, wannan guda ɗayan sai in karanta in sake karantawa, ina tambayar kaina wane irin mutum ne wannan da duniya ba ta bin sa da gudu. Daga son sani kuma abu ya zarce, ba sai na yi muku dogon bayani ba.

Sau biyu yana zuwa gidanmu, sau biyu ina zubar da mutuncina. Zuwan farko, mun gaisa ke nan Babba ta tsaya cak, motoci suka yi layi a bakin ma'ajiyar kaya. Na ce masa, "Yanzu zan dawo." Da na dawo shayinsa ya huce, shi kuma ya tafi, amma ya ɗaure wa Baba hannun tabaraunsa da ya daɗe yana lilo. Zuwa na biyu mutanen Ta Tsakiya ne suka rabu gida biyu a kan wani gyara, na shige ɗaki raba faɗa. Ranar Baba ne ya zauna da shi, har suka ƙare hirar duniya suka koma kallon labule.

Washegari Baba ya kira ni. Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, ya cire tabarau ya riƙe a hannu, alamar maganar ba ta wasa ba ce.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "ni ban taɓa ce miki ga wanda za ki aura ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma ɗan mutane ba kujerar falo ba ne da za a ajiye shi a tafi. Kina son sa?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da gefen mayafina.

"Ki buɗe baki. A waya ai bakinki ba ya rufuwa."

"Ina so, Baba."

"To zai sake zuwa ƙarshen mako da yamma. In kika sake barin sa shi kaɗai, ni da kaina zan ba shi haƙuri in ce ya nemi inda ake da lokacinsa. Ba horo ba ne. Kunya ce ba zan iya ci gaba da sha ba."

Na fito na duba jadawali, sai ga matsala. Ranar ce za a yi wa Auta babban gyara, wanda muka daɗe muna shiri.

A nan sai na gaya muku wata doka. A ranar babban gyara, dole shugaba ta danna wani madanni mai suna "Ina nan" kafin wani zare da ke saman allo ya ƙare. Zaren yana farawa kore, ya koma rawaya, ya koma ja, ya ɓace. Kuma ba dannawa kawai ba ce, sai ka zauna ka karanta rahoton kwamfutocin kaf, ka kira mutum biyu cikin masu riƙe da su ka ji ta bakinsu, sannan ka danna. In zaren ya ɓace ba ka danna ba, makullin shugabanci ya koma hannun mataimaki da kansa, kuma ba ya dawowa sai mambobi sun kaɗa ƙuri'a. Mataimakiyata wata ce da muke kira Ƙanƙara, saboda ko gini ne ke ruftawa sai ta gama shan ruwanta. Ban taɓa fashin dannawa ba. Na danna ina kwance ana ƙara mini ruwa. Na danna a bikin yayana, a bayan ƙofa, ana nemana ɗaukar hoto. Har wasa nake musu a zaurenmu na waya, in ce, "Ranar da kuka ga ban danna ba, ku yi mini addu'a kawai, na riga mu gidan gaskiya." Su yi ta turo fuskar dariya.

Ranar ta zo, ta zo mini da Goggo, yayar Baba. Tun hantsi ta iso da kwandonta na saƙa, ta zauna a bakin gadona kamar wadda aka aiko karɓar haya.

"Uwar Waya, fito da su."

"Goggo, aiki fa..."

"Aikin ya ci ƙaniyarsa. Ni da na zo duniya babu ko ɗaya, ga ni kuma ban mutu ba."

Na miƙa mata Babba da Ta Tsakiya, bayan na bar wa mutanensu sallahu. Ba ta tsaya a karɓa ba, sai da ta danne su ta kashe, ta tura ƙarƙashin zaren saƙarta. Wayoyin da ko a jirgi ban taɓa kashewa da zuciya ɗaya ba.

"Ina 'yar shuɗiyar?"

"Tana ofis, Goggo."

Allah ya yafe mini. Tana cikin hannun rigata.

Da gangan na zaɓi rigar. Doguwa ce ruwan toka mai ɗan sheƙi, da ɗinkin ganye-ganye a wuya, hannunta mai faɗi ne ya tsuke da roba a wuyan hannu. Auta ta kwanta a ciki lakadan. Mama ta ɗaura mini ɗankwali ruwan hoda, ta warware, ta sake ɗaurawa, ta zizara mini kwalli da hannunta tana cewa idon da ya kawo mana arziki dole a gyara shi. Ta fesa mini turarenta na ɓoyo, wanda ko taɓa kwalbarsa ba a yi. Falo kuwa an canja labule, an goge tebur har yana ɗaukar ido, an jera kofunan baƙi masu bakin zinare da faranti na biskit da yankakkiyar lemo. Goggo ta kafa kujera a tsakar gida daidai inda take hango ƙofar falo, da kwandonta a cinya.

Likita ya shigo da farar riga mai dogon hannu da takalmi ruwan ƙasa, yana ƙamshin sabulu kawai. Ya gaida Baba, ya gaida Goggo har ƙasa, ya zauna a kujerar da ta riga ta san shi. A hannunsa akwai wata 'yar jakar fata.

"Yau ina jikokin Mama?" ya tambaya.

"An kai su reno."

"Duka?"

"Duka."

Daidai nan Auta ta girgiza a hannuna. Sau ɗaya, a hankali. Ban motsa ba, na ma ɗauki buta ina zuba masa shayi kamar babu abin da ya faru. Na tambaye shi asibiti, ya ce lafiya. Na tambaye shi mutanen gida, ya ce suna gaisuwa. Ta sake girgiza.

"Malama," ya ce yana juya cokali, "aikina fa kallon ido ne. Naki ya sauka kan hannun hagunki sau da yawa tun da na zauna. Auta ce?"

Kunya ta rufe ni. Na leƙa ƙofa, Goggo tana ƙirga idon saƙa. Na zaro wayar na ɓoye ta bayan butar shayi. Zaren ya riga ya koma rawaya.

Na zaci zai ɓata rai. Sai na ga ya gyara tabarau ya matso da kujerarsa, kamar yaron da aka buɗe wa cikin rediyo.

"Wannan layin mene ne?"

Na yi masa bayanin dokar, ƙasa-ƙasa.

"In kika tashi yin wannan karatun da kiraye-kirayen, zai ɗauki lokaci?"

"Zai cinye yammar nan."

Ya ajiye cokali. "Je ki yi. Zan ce wa Baba ni ne aka kira asibiti, na tafi da kaina. Ba zai ga laifinki ba."

Wallahi da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ko a saƙo ba ya ƙara gishiri, yau zai yi wa tsoho ƙarya saboda ni. Kuma na san Baba, ba a yi masa irin wannan. Zai karɓi uzurin da murmushi, ya raka shi bakin ƙofa, ya ba shi haƙurin da ya yi alkawari.

"Ba zan tashi ba tukuna," na ce. "Akwai saura."

"To kafin ya ƙare, ki cire mini duhu. In ba ki danna ba, me zai faru?"

"Makulli ya koma wurin Ƙanƙara."

"Ba ta iya ba ne?"

"Ta fi ni iyawa. Ita ba ta ruɗewa."

"Sarƙar za ta tsaya?"

"A'a. An gina ta ne don kada ta tsaya saboda mutum ɗaya."

"Wa ya rubuta dokar?"

"Ni."

"Saboda me?"

"Saboda in na mutu, ko wani abu ya same ni, kada shaidar mutane ta salwanta."

Ya kurɓi shayi. "Wato a dokar taki mutum hali biyu gare shi, ko yana aiki ko ya mutu. Ba ki sa na uku ba?"

"Wane na uku?"

"Ko yana da baƙo."

Zaren ya koma ja.

Ku da kuke karantawa za ku ce soyayya ce ta hana ni tashi. Tana ciki, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma akwai wani abu kuma. Ni na rubuta dokar nan da hannuna, na gwada ta a kwamfutar gwaji, amma ban taɓa ganin ta yi aiki a gaske ba, don ban taɓa ba ta dama ba. Me zai fito a allon? Zai yi ƙara? Zan ji wani abu ya tsinke a jikina? Son sanin nan da ya kai ni ga Likita shi ne ya danne ni a kujera. Muka sunkuya mu biyu bayan butar shayi muna kallon jan zare yana ƙanƙancewa. Fatar idona ta fara rawarta.

Zaren ya ɓace.

Babu ƙara, babu komai. Wani ɗan rubutu ne ya fito: "Makulli ya koma hannun mataimakiya." A ƙasansa kuma sarƙar tana ta tafiyarta, sabon bayani yana hawa kan na baya, har na ga shaidar wata tela ta shiga. Auta ko waiwayo ba ta yi ba.

"Shi ke nan?" in ji Likita.

"Shi ke nan." Muryata ta fito wata iri.

"Ya yi zafi?"

"Ya yi. Na zaci za ta ɗan yi tangaɗi, ko don kara."

"Ai ke kika gina ta da kyau."

Na kashe mata girgiza, na kifa ta a kan tebur. Ya buɗe 'yar jakar fatar nan ya fito da madubin hangen nesa, tsoho, fentinsa ya goge a gefe. Ya ce na mahaifinsa ne, da shi yake hawa saman asibiti in ya gaji da kallon cikin idon mutane. Muka tsaya a taga. Ya nuna mini yadda ake murza shi, da farko ban ga komai ba sai hazo, can sai ga duniya ta matso. A kan doguwar hasumiyar sadarwa da ke bayan unguwarmu, wadda duk saƙonnina suke bi ta kanta, ashe wasu manyan tsuntsaye sun yi sheƙa. Ɗaya tana tsaye da ƙafa guda, iska tana kaɗa ta, ko a jikinta. Na tambaye shi sunansu, da abin da suke ci, da dalilin tsayuwa da ƙafa ɗaya. Wasu ya sani, wasu ya ce bai sani ba, mu bincika tare. Daga nan ya ba ni labarin dalilin da ya sa ya bar babbar waya: wata rana ya tsinci kansa yana duba saƙo wata tsohuwa tana gaya masa ta daina ganin fuskar jikanta. Na ba shi labarin teburin guga. Muka yi dariya har Goggo ta yi gyaran murya. Rana ta yi sanyi ban sani ba, kuma ban san lokacin da idona ya daina rawa ba.

Sai muka ji salati daga kicin, da ƙarar murfin tukunya ya faɗi.

Mama ta faɗo falo ba takalmi, ba mayafi, a gaban baƙo, abin da ba ta taɓa yi ba. Wayarta tana kunnenta. Ta zo ta kama fuskata da hannu ɗaya, ta shafa kumatuna, ta taɓa wuyana.

"Mama, lafiya?"

Ta miƙo mini wayar. Kuka ne a ciki, irin mai shessheƙa. Da ƙyar na gane muryar.

"Mama, don Allah ki gaya mini yaushe abin ya faru... ya haƙuri, Mama... ga ni nan a hanya..."

"Ƙanƙara?"

Sai ihu. "Shugaba? Ke ce? Ke ce da ranki?"

Ashe da makulli ya faɗo hannunta, ta kira Babba ta ji a kashe, ta kira Ta Tsakiya ta ji a kashe. Wayoyin da ba a taɓa ji a kashe ba. Ta turo saƙo a Auta, shiru. Wani a zaure ya tono tsohon wasan nan nawa ya sake liƙawa, daga nan kuma babu wanda ya tsaya tambaya. Duk da haka sai da ta kammala gyaran tsaf, tana kuka, sannan ta nemi lambar Mama.

Na ɗaga Auta. Zauren ya cika maƙil. Inna lillahi a sama, inna lillahi a ƙasa. Sun cire hoton zauren sun sa nawa. Wani mai walda ya ce shaidar da na adana masa ce ta sama masa aiki, Allah ya haskaka kabarina. Wata ta ce ko ƙarfe nawa ka turo saƙo sai na amsa. Wani ya ce bai taɓa jin na ce na gaji ba. Ina karantawa ina son in yi dariya, don ba kowa ke samun karanta ta'aziyyarsa ba, kuma gaskiya na so in ji me za a ce. Sai na iso kan na wani dattijo mai koyar da ɗinki, mutumin kirki, wanda yake kira na 'yata.

"Baiwar Allah," ya rubuta. "Ba ta da kowa sai mu."

Dariyar ta maƙale.

Mama tana karantawa ta kafaɗata. Ta zauna a hannun kujera.

"Yamma ɗaya," ta ce a hankali. "Yamma ɗaya kika yi shiru, mutanen da suka fi mu ganinki ba su kawo komai a ransu ba sai mutuwa. Babu wanda ya ce ko tana barci. Babu wanda ya ce ko tana cikin 'yan uwanta." Ta share ido da bayan hannu. "Ba ta da kowa. Ni da na haife ki ina nan zaune."

Goggo tana bakin ƙofa da kwando. Ta ga shuɗiyar wayar sarai, amma ko harara ba ta yi mini ba. Baba yana bayanta, tabarau a hannu.

Saƙon Ƙanƙara ya shigo ta gefe: "Ki yi magana a zaure, Shugaba. Yanzu zan kira ƙuri'a a mayar miki da makullinki, kowa zai yarda."

Na kalli Likita. Yana riƙe da madubin mahaifinsa, yana kallona irin kallon da yake yi wa ido in yana jiran ya ga ko zai bi haske.

Na rubuta wa Ƙanƙara: "Ki riƙe. Hannunki ya fi nawa sanyi." Sannan na shiga zauren na rubuta musu: "Ina raye. Ina da baƙo."

Na miƙa wa Goggo wayar da hannu biyu. Ta buɗe kwando ta tura ta wurin 'yan uwanta.

Baba ya mayar da tabaraunsa, ya dubi Likita, ya dubi kofin shayin da yau aka shanye har ƙasa.

"To, Likita," ya ce, "yau dai ba a bar ka da labule ba. Akwai maganar da kake son yi da ni?"

Likita ya miƙe tsaye, ya gyara hannun rigarsa. Mutumin da ban taɓa ganin ya ruɗe ba, sai ga shi ya laluba aljihu ya rasa abin da yake nema.

"Akwai, Baba," ya ce. "Amma ita zan fara tambaya, tunda yau na same ta."

Ya juyo gare ni. A cikin kwandon Goggo wani shuɗin haske yana ta walƙiya ta tsakanin zare, ina ganin sa ta gefen idona. Ban juya ba.